Lissafi a Bayan Littafi

Ƙarfe huɗu na dare waya ta yi ƙara.
Can wurinsu hantsi ya dubi ludayi,
nan Kakuri ko ladan bai motsa ba.
Sabi'u ne, murya kamar daga cikin rijiya:
"Yaya Ladidi, Baba ya cika."

Ban yi kuka ba. Biro na nema.
Na juya littafin awon ɗinkina ta baya.

Ƙoda ce ta kai shi Indiya.
Filinmu na Rigasa ya biya jirgi,
kekunan ɗinkina biyu suka biya gado.
Yanzu asibiti ya miƙo takarda mai layi uku,
Sabi'u na karantawa yana haɗiyar yawu.

In gida za a kawo shi:
akwatin ƙarfe, allura, hatimin ofishin jakadanci,
sannan a ɗora shi a sikeli kamar buhun citta,
kowane kilo da farashinsa.

In ajiye shi za a yi a sanyi:
kullum da kuɗin kwana,
mutumin da bai taɓa sauka a otal ba.

A layi na uku yaron ya yi shiru.
"Faɗi mana."
"Wai a ƙone. Shi ya fi araha.
Tokar a ɗan tulu, ta shiga jakar hannu,
ba ruwanta da sikeli."
Ba da mugunta suka faɗa ba, in ji shi.
Ma'aikaciyar har da hawaye.
Haka ta yi wa nata uban,
ta raka shi kogi da furanni.

Ashe Inna na tsaye a bakin labule.
"Mutumin da ko shara ba ya bari a ƙona masa a ƙofar gida?
Da ƙasa aka yi shi. Ku ba ƙasa kayanta."
"Wace ƙasar, Inna?"
"Akwai wadda ba ta Allah ba?"

Kawu Barau ya iso da hantsi, babbar riga na jan ƙasa.
"A kawo shi! Me duniya za ta ce?"
Na miƙa masa littafin, na nuna jimla.
Ya daɗe yana gyara tabarau,
ya ajiye dubu biyar a gefen tabarma
ya fita amsa wayar da ba ta yi ƙara ba.

Wani tafinta ɗan Soba, Malam Zubairu,
shi ya san maƙabarta a bayan wani masallaci.
Mutum bakwai suka yi sahu, biyar ba su san sunansa ba.
Shekara ashirin da bakwai Baba na masaƙa,
yadin da ya bi ta hannunsa
zai shimfiɗe hanya daga nan har Zariya,
amma a farin ƙyallen wasu aka naɗe shi,
Sabi'u ya yi cinikinsa da yatsu.

Nan gida makoki ba gawa, amma da ci.
Rumfa biyu. Tabarmi haya. Ruwan leda jaka talatin.
Shinkafar baƙin Funtuwa da suka ce kwana ɗaya, suka yi huɗu.
Man janareta.
Maman Rifkatu ta tsallako da itace da babbar tukunya,
na ɗaga biro ta riƙe mini hannu:
"Kar ki sa ni a takarda. Babanku ya ɗauki mijina a kafaɗa."

Ran bakwai na ja layi.
Abin da ya shigo, abin da ya fita,
bashin Alhaji mai shinkafa zuwa ƙarshen wata.
Saura dubu biyu da ɗari uku.

Ran sha ɗaya Sabi'u ya sauka a Kawo
da jaka ɗaya, ya rame kamar shi ya yi jinyar.
Ya zuge zif, ya fito da takalman Baba,
na dama ya fi cinyewa a dunduniya.
Ba su kai kilo ba. Ba wanda ya caje shi.

Inna ta jera su a bakin ƙofa, inda suka saba.
Na duba littafin, na rasa layin da zan sa su.
Sai a lokacin biro ya faɗi.