Filasko a Bayan Maiwurno

Bayan gari, inda ƙasa ke tsagewa
har kofaton jaki ya faɗa,
nan na same ka zaune,
ko gwiwata ba ka kai ba.

Ganye biyu-biyu suna duban juna
kamar masu cin tuwo a akushi ɗaya.
Biyar hagu, biyar dama,
babu na tsakiya mai raba gardama.
Furenka ruwan ƙwai, da siraran jijiyoyi
da sai an durƙusa ake gani.

Awakin Bashari sun cinye komai, har ƙaya,
suka shinshine ka, suka wuce.
Na ja ka, ka ƙi.
Saiwarka ta san inda damina
ta ɓoye ragowar ruwanta.

A kasuwar Sinnar sanamaka suke ce maka.
Goggo Tabawa kuwa, haifaffiyar gaɓar Nilu,
da ba ta taɓa ganin Sakkwato ba,
filasko take cewa,
sunan da kakarta ta ɗauko a ka
tare da tabarma da buta
a hanyar Makka.

Takan ce: kaɗan, yaro, ɗan tsunkule.
Wanda ya zarce, shi da barci sai gobe.

Yau kwansonka ya bushe, ya lanƙwashe kamar ƙoda.
Na ɓare ɗaya a tafin hannu.
Ƙwaya bakwai.
Na zuba su cikin tsagar ƙasa,
na bi sawun awakin
kafin a kira magariba.