Mai Riƙe da Fitila

A ƙasan akwatin Baba, ƙarƙashin rasit ɗin haraji,
na tsinci hoto guda, gara ta ɗanɗani gefensa.
Ba na biki ba ne, ba na suna ba,
ɗakin ɗaukar hoto ne aka ɗauka:
ga labule an zana masa jirgin sama,
ga furen roba a kwalba,
ga tarho bisa tebur, babu waya a gindinsa,
ga na'ura mai ƙafa uku ta lulluɓa da baƙin zane
kamar mai takaba.

Na juya bayansa, hatimi ya koɗe.
"Nwo" kaɗai ya rage, sai "kuri" daga ƙasa.
Kakuri, wannan ko yaro ya gane.
Amma wace shekara? Takarda ta yi gum.

Na ari tabaran Inna,
na bi bango kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Ga kalanda can a kusurwa,
an rataya hula daidai kan shekarar.
Mai hular nan, ka cuce ni.
Ga allo da alli: rabin kati sule biyu.
To, naira ba ta iso ba.
Ta bakin ƙofa ina hango wata mota
ta bi hannun hagu abinta, ba mai yi mata ihu.
Na rage hanya, amma da sauran tafiya.

Ran Asabar na haye gada,
na wuce masaƙa inda ƙadangaru ke aikin rana,
na iske Baba Tanimu mai gyaran agogo
a gindin dalbejiya, yana hura ƙura.
Hannu biyu ya sa ya karɓa.

"Shagon Nwosu," ya ce,
"nan inda suke cajin waya yanzu.
Ran albashi layi har bakin dogo,
kowa so yake ya tsaya gaban jirgin labule
ya aika ƙauye, a ce ya zama wani.
Kwat ɗaya ce, kowa ita yake ara.
Agogon ma aro ne,
ni ke ba shi waɗanda suka mutu.
Kin ga fankar nan?
Bai saye ta ba sai da aka ja mana wuta,
damina biyu kafin ya tafi."

Na ce, ina ya tafi?
Ya daɗe yana murɗa agogon da ba ya tafiya.
"Jirgi ya hau, na ƙasa, ba na labule ba,
shekarar da mutane suka bar tukunya bisa murhu.
Ya damƙa mabuɗi a hannun yaronsa."

Sittin da huɗu ke nan. Na zaro biro.
Ya ce, "Dakata, 'yata,
shekara kawai kika zo nema?
Duba madubin can na bayan kujera."

Na duba.
Wani yaro a gajeren wando,
ya ɗaga fitila sama da kansa,
baki buɗe, kunnuwa fato-fato,
kunnen da nake turawa cikin ɗankwali kowace safiya.

"Jatau ne," ya ce.
"Shekara uku yana share ɗakin nan,
yana goge gilashi, yana jiran mai shago.
Da haya ta ci ƙarfinsa ya koma bin mota."

Baba, wanda ko a bikina
da ya ga mai hoto sai ya tuna bai yi alwala ba.

A hanyar komawa kogi ya cika, ya yi ja.
Na sa hoton cikin jaka don yayyafi.
Da dare na nemi fensir, ba biro ba,
na rubuta ƙasa da hatimin:
Kakuri, wajen sittin da huɗu.
Na tsaya.
Inna ta leƙo ta ce in ba ta tabaranta,
sai na miƙa mata har da hoton.