Kantar Malam Kiyari

Ƙarfe biyun dare rezo ya ɗauke.
Sabar asibiti ta yi tsit kamar gidan makoki,
fitilarta ɗaya tana ƙyafta ja.
Na duba waya, ko sanda ɗaya babu.
Wa zan tambaya? Duwatsun Birni?

Sai na waiwayi kanta.

Nan Malam Kiyari ya bar su da ya aje aiki,
littattafai huɗu, ko in ce uku da rabi,
don gara ta yi kalaci da ƙarshen na huɗun.
Mai kaurin nan na umarnai, gadon bayansa ya karye,
wani baduku a kasuwar Dole ya ɗinke shi da zaren buhu.
Na hanyoyin sadarwa daga Yamai ya zo cikin kwalin madara,
shafi na ɗari biyu da sha ɗaya
har yau da zoben gindin kofin shayi.
Na tsaro kuwa, cewa ya yi in karanta da rana,
wai da dare hana barci yake.

Ran da na fara aiki dariya na yi masa:
Malam, ai duk wannan yana cikin waya.
Bai tanka ba. Goro ya ɓara,
ya miƙo mini rabi.

Ga ni yau, tocila maƙale a hammata,
ina lasar yatsa, ina juya takarda.
Turanci a tsakiya,
Faransanci da fensir a gefe,
can ƙasa, da ajami, rubutunsa mai karkata:
"Kafin ka taɓa komai, kwafe.
A nan na share sunayen majinyata ɗari uku, wata Laraba."
Ƙarƙashinsa kuma, da sabuwar tawada:
"Barira, na san za ki zo nan."

Na zauna a ƙasa.
Na kwafe, na sake kwafewa,
sannan na buga layi bakwai, harafi-harafi,
yatsana ɗaya a kan littafi, ɗaya a kan maɓalli.

Ladan na gyaran murya fitila ta koma kore.
A waje 'yan ga-ruwa sun fara tura kura zuwa Zango,
ungozoma ta leƙo: sunayen sun dawo!
Ba ta san inda suka kwana ba.

Na ciro fensirinsa daga tsakiyar shafi,
guntu ne, duk tabon haƙori.
Na rubuta kwanan wata da abin da na ɓata kafin in gyara,
na matse rubutun sosai
don gefen takardar ya kusa cika,
kuma akwai yaron nan, Lawali,
da ke yi mini dariya.