Iskar da Mutari Ya Saya

Mutari ya shigo garejina da kwali a hammata,
ranar Alhamis, tsakar bazara, rana na dukan ƙeya.
Ya buɗe. Bututu ne mai walƙiya kamar sabon kwano,
da jar matata a bakinsa, siffar mazurari.
Jika saba'in, in ji shi, daga Kano aka aiko.
"Ɗaura mata, Ilu. Iska mai sanyi za ta sha,
ƙarfin doki goma zai ƙaru a cikinta."

Na dubi kwalin: tsauni ne da ƙanƙara a ka.
Na dubi waje: duwatsun Birni,
inda ƙadangare ke ɗaga ƙafa ɗaya ya huta da ƙuna.
Ban tanka ba.
Mai kuɗi ya faɗa, mai sifana ya ɗaure.

Na kwance tsohon akwatin roba, baƙi, mummuna,
wanda aka haife ta da shi,
mai dogon hanci da ke leƙawa ta bayan fitila
yana jawo numfashi daga waje.
Mutari ya shure shi: "Ba yara su yi wasa."
Na tura shi ƙarƙashin benci.

Da aka murza makulli ta yi gurnani,
irin wanda ke sa mai shayi ya juyo.
Yarana suka yi tafi.
Kunne dai ya ƙoshi ran nan.

Kwana tara, sai ga shi, gumi har gemu.
"Da asuba, hanyar Mirriya, kibiya ce.
Amma in na tsaya cunkoson kasuwar Dole,
tsakanin kabu-kabu da amalanken ruwa,
na fito na taka totur,
sai ƙara, sai ƙara,
tafiyar kuwa ta jakin da ya kwana da kaya."

Na ce, ɗaga kapo, taɓa abin naka.
Ya taɓa. Yatsa ya koma baki.
Na zura ma'auni:
inuwar dalbejiya, arba'in da huɗu;
bakin matata, saba'in da ɗaya.

Na ce, Mutari, iska in ta gasu sakayau take zama,
kamar kokon da aka tsinka da ruwa:
ludayin bai ragu ba, ƙoshin ne ya gudu.
Inji mai kauri yake so.
Kai kuwa ka cusa hancinta a madafa,
lagireto na hura mata a fuska,
salansa na turara ta daga ƙasa,
ƙarfen nan kuma ba ya riƙe sirri,
abin da aka ba shi yake miƙawa.
A gidanku, ina tsohuwa take ajiye randa?
Gefen murhu?

Ya yi shiru, yana kallon yatsansa.

Na yanko langa-langa na yi mata katanga,
na naɗe bututun kamar ƙafar da aka ɗora,
na ja tiyo har bayan bamba, inda iska ke shiga in ana gudu.
Muka hau hanyar Tanut, muka dawo, na sake zurawa:
hamsin da biyu.
Ya ce, "Sauran fa?"
Na ce, sauran ba na kwali ba ne.
Sanyin da babu shi a gari, bututu ba ya haifarsa.
Jira damina.

Ya biya, ya kai bakin ƙofa, ya sosa ƙeya.
"Akwatin nan... yaran sun ɗauka?"
Na ce yana nan,
sai dai kazar maƙwabta ta riga ka,
ƙwai shida take kwanci a ciki.
Ita ba ta karanta kwali ba,
ta dai san inda zafi bai kai ba.
Ka dawo in ta ƙyanƙyashe.