Tagogi Arba'in da Ɗaya

Don tagogi aka kira ni.
Ni kafinta ce, ba ruwana da tarihi,
sai dai katako bai iya riƙe sirri ba.

Gidan Orcutt, bisa tudu, gabas da kogi,
tsakiyar gonakin masarar Iowa.
Jan bulo hawa uku, gindinsa farin dutse,
rufinsa a tsaye, don dusar ƙanƙara ta zame ta sauka.
Dutsen kusurwa ya ce 1887,
ya ambaci attajiri ɗaya, ya yi shiru.
Kakata ta ce ƙwai ne da man shanu suka sayi bulon,
sisi da kwabo daga madafan ƙauyuka tara,
shekara shida ana zubawa a gwangwani,
dattawan kwaleji kuwa na zaune suna gardama
ko lissafi na tsotse jinin 'ya mace.

Hau matakalar, ka saurari ƙafarka.
Gajeru ne, masu faɗi.
Da doguwar riga mai sharar ƙasa magini ya auna su,
da yarinya mai bokitin gawayi a dama, fitila a hagu.
Tsakiyar kowace ta lotsa kamar cokali.

Arba'in na kallon waje.
Ta arba'in da ɗaya, faɗin tafin hannu biyu,
cikin gida take kallo:
daga ɗakin Misis Dorrance zuwa falon baƙi,
inda saurayi ke zama da hularsa a gwiwa,
minti ashirin, ranar Asabar, ƙofa a buɗe.
Ƙarfe goma ƙararrawa, a hure fitila.
Na ga ƙusoshi a saman ƙofofi
inda ake rataya bargo don kada haske ya tona asiri.

A hawa na uku, ɗakin arewa da rana ba ta gaisarwa,
na ɓamɓare katakon gefen taga
don in sauya igiyar da ta ruɓe.
Cikin ramin, ga makamin gashi biyu, ga ƙashin ɓera,
ga takarda ninki huɗu.
Gabanta kalmomin Girkanci, an jera su kamar shuka.
Bayanta da fensir:
"Ruwan tulu ya daskare. Yatsuna sun ƙi riƙe alƙalami.
Ba zan koma gida ba.
Thora Ekdahl."

Da azahar na bar aiki, na je ɗakin ajiyar takardu.
Rajista ta ba ta layi ɗaya:
ta tafi a zango na biyu, uba ya rasu, gona na jira.
Na rufe littafin a hankali.
Ban san me na so ya ce ba.

Gidan ya ga abin da ya gani.
Shekarar babbar mura an jera gadaje har falo.
Sojoji sun kwana nan, sun zana sunayensu da wuƙa.
Da aka turo motar rusau,
tsofaffi goma sha ɗaya suka zauna kan matakala
da zaren saƙa da butar shayi,
har direba ya kashe inji, ya karɓi kofi.
Yau ofishin kuɗi ne.
Inda Thora ta kwana, na'urar buga takardu ke tari.

Na sa sabuwar igiya, na shafa mata kakin zuma.
Takardar na mayar inda take,
ba ni aka rubuta wa ba.
Na ɗaga tagar da yatsa ɗaya, ta hau.
Iska ta shigo da warin ƙasar da aka huɗa.

Ƙaramar kuwa, mai gini ya ce in toshe ta.
Na goge gilashinta,
na sa ido daga ɓangaren Misis Dorrance.
Kujeru biyu, ba kowa.
Gobe zan ce masa na manta.