Cokalin da Ɓarawo Ya Bari

Ranar Talata jijiya ta tsinke a kan Baba,
ta kwashe masa Jamusanci kaf,
kamar ɓarawon da ya yashe ɗaki
ya manta da cokali ɗaya a ƙasa.
Cokalin nan shi ne: kai.

Hawa na huɗu, gado kusa da taga.
Hinnerk Brodersen, shekara talatin da takwas
yana ɗaga kwantena a tashar Hambug,
yau leɓensa na dama ya fi ƙarfinsa.
Da asuba, kai. In ruwa ya sarƙe shi, kai.

Likita bai ɓata tawada ba.
Ya ce, ai a harshenmu gaɓa ke nan,
inda jirgi ke ɗaure igiya;
tsoho na kewar aikinsa.
Muka tura kekensa ƙarshen baranda
inda ake hango wuyan injinan tasha cikin ruwan sama.
Baba ya rufe ido.

Thenmoli, nas ɗin dare, 'yar Jaffna,
ba ta tambayi kowa ba.
Da ya faɗa sai ta miƙa masa tafinta,
don a Tamil haka ake kiran hannu.
Ya riƙe gam,
sai da ɗaki na tara ya buga ƙararrawa sau uku.

Veikko na gadon gefe, mai karyayyen ƙugu,
ya yi dariya har ɗinki ya ja shi.
"A Finlan 'wataƙila' ce.
Zan sake tafiya? Kai. 'Yata za ta zo? Kai.
Duk ginin nan maƙwabcina kaɗai ke faɗin gaskiya."

Chizuru mai motsa gaɓoɓi
ta zo da ƙumbar teku a aljihu,
ta ce ga abin da yake kira, a bakin kakarta,
ta naɗe matattun yatsunsa a kanta.

Amma Stavrula ce ta hana ni barci.
Takan jingina da sandar goge ƙasa
ta ce, "Mu Girkawa haka muke rubuta 'da',
ko da yake bakinmu ya lanƙwasa ta.
Gurasa da. Ni da.
Mutumin nan bai gama magana ba,
ku ne ba ku da haƙuri."
Sai ta tsaya jiran sauran,
ruwan bokitinta na hucewa.

Kowa ya zo da mabuɗin gidansu
ya zura a ƙofar Baba.
Ni da ke riƙe da na gaskiya
na bar shi a jaka kwana goma sha ɗaya.

Domin suna ne.
Sunan da aka kankare daga akwatin wasiƙa da wuƙar dankali,
wanda Mama ta mutu ba ta ƙara ji a kan tebur ba.
Shekara goma sha tara.
Rostok ce fa, awa biyu a jirgin ƙasa.
Lambar tana cikin gwangwanin maɓallai,
a bayan takardar kuɗin wuta.

Na kira daga matakala, inda masu shan taba ke ɓuya.
"Wa ke magana?"
Muryar Baba ce sak, kafin ɓarawo ya shigo.
Na ce, Wiebke ce.
Na ce, kalma ɗaya ta rage masa.
"To me yake so?"
Na ce, kai.

Na ji ruwa na zuba a can, an rufe famfo.
Yaro ya tambayi wani abu, aka ce masa ya jira.
A sama, tayar bokiti tana kuka a baranda
ta tsaya daidai ƙofarmu.

Ƙanena ya ja numfashi.
Ya ce, "Da?"