Ashirin da Huɗu

Malam Tanimu ya ɗauki alli ya rubuta:
y daidai take da k bisa x.
Ya ce in ɗaya ta hau, ɗayar sauka za ta yi,
amma k tana nan daram, ba ta motsi.
Na kwafa tsaf a littafina.
Ranar Alhamis na ci sifili.

Sai da na koma Kachia hutun ƙarshen shekara,
lokacin tonon citta,
na iske Inna a bakin gona
tana lissafi da yatsun da suka tsattsage.

Ta ce, "Shekarar da muka kira gayya,
mu goma sha biyu, kwana biyu muka tashi,
har kunu ya yi saura.
Da gayya ta mutu, mu shida na gida, kwana huɗu.
Barau ya tafi Panteka ƙera tukwane,
Kande ta tafi Kafanchan karatun jinya,
babanku ya kwanta dama.
Mu uku, kwana takwas.
Bana Ɗantala ya sayi babur.
To, ƙirga mini, ɗan boko."

Na tsuguna na zana da tsinke a ƙasa.
Sha biyu sau biyu.
Shida sau huɗu.
Uku sau takwas.
Duk ta inda na ɓullo, ashirin da huɗu ke jirana.
Ashe k gonar ce!
Ba ta ƙara kunya ɗaya ba, ba ta rage ba,
ba ruwanta da wanda ya tafi.
Hannu in ya ragu, kwana ke biyan bashinsa.

Na ce, "Ni da ke, Inna, kwana sha biyu."
Ta yi dariya, ta miƙo mini fartanya.

Kwana sha biyar muka yi.
Allo ya ɗauka duk hannu ɗaya ne.
Bai san bayan Inna ba,
bai san tafina ya saba da biro ba.

Da muka koma aji na ɗaga hannu:
"Malam, in x ta zama sifili fa?"
Ya ce, "Ba a rabawa da sifili. Zauna."
Na zauna.
Ai na san gonar marigayi Dogara a hanyar rafi,
shekara biyar ke nan tofa ke nome ta.

Na cinye tambayar a jarrabawa.
Har yanzu shafin yana ƙamshin citta.